Roger Bacon da Bashin Malaman Musulmi: Nazari a Kan Rayuwa da Talife-talifen Wani Ɗan Ɗariƙar Faransis na Ingila



Maƙasudin wannan maƙala shi ne a waiwayi rayuwar wani malamin Kirista na ƙasar Ingila mai suna Roger Bacon, wanda ya rayu a ƙarni na 13 na Miladiyya, ya shiga ɗariƙar masu zuhudu ta Faransis, ya kuma bar littattafai cikin harshen Latin waɗanda har yau masana tarihin ilmi ba su gama jayayya a kan matsayinsu ba. Mutanen ƙasarsa sun taɓa ɗaukarsa hatsabibi mai hulɗa da aljanu, daga baya kuma jikokinsu suka mai da shi uban kimiyyar zamani wanda coci ta zalunta. Amma wanda duk ya zauna ya bi rubutunsa a tsanake zai tarar da mutumin da ya fi waɗannan siffofi biyu sauƙin ganewa, wato malamin addini mai zafin kishi, wanda ya ga ilmin mutanensa ya yi rauni, ya ga kuma maganin raunin yana cikin littattafan Yunanawa da na Musulmi, sai ya ƙare rayuwarsa yana roƙon shugabanninsa su karɓi wannan magani domin su yi galaba a kan waɗanda aka samo shi daga wurinsu. A kan wannan ne zan tsaya, domin a ganina nan ne sha'aninsa ya shafe mu.

An haife shi kusa da garin Ilchester, a yankin Somerset, cikin gida mai wadata. Masana sun kasu biyu game da shekarar haihuwarsa, wasu suna cewa 1214, wasu kuma wajen 1220, kuma asalin saɓanin wata magana ce da ya rubuta a 1267, inda ya ambata cewa shekara 40 ke nan tun da ya fara koyon baƙaƙe. Waɗanda suka fassara maganar da shigarsa jami'a suka tura haihuwar baya, waɗanda suka ɗauke ta a zahirinta suka matso da ita gaba. Ya yi karatu a Oxford, sannan ya ƙetara zuwa Paris, inda a shekarun 1240 ya karantar da littattafan Aristotal, wanda malamanmu suka sani da Arisɗo, musamman na ilmin ɗabi'a da na abin da ke bayan ɗabi'a. Wannan karantarwa ba ƙaramin abu ba ce a zamaninta, domin hukumar coci ta haramta karanta waɗannan littattafai a Paris a 1210, ta sake nanata haramcin a 1215, saboda tsoron abin da suka ƙunsa na cewa duniya ba ta da farko, da kuma tsoron sharhunan da suka zo tare da su daga Larabci. Bacon na cikin na farko-farkon da suka karantar da su bayan haramcin ya yi sanyi, kuma ta wannan hanya ce ya saba da Ibn Sina da Ibn Rushd, har ya riƙa kiran Ibn Sina jagoran falsafa bayan Arisɗo.

Wajen 1247 ya bar wannan karantarwa ya juya ga wani irin nema dabam. Shi da kansa ya ba da labarin cewa cikin shekara 20 ya kashe sama da fam 2,000 wajen sayen littattafan asirai, da kayan awo, da jadawalin taurari, da gwaje-gwaje, da neman abotar masana, wanda a wancan zamani dukiya ce mai yawan gaske. Mutumin da ya fi yi wa tunaninsa tasiri a wannan mataki shi ne Robert Grosseteste, wanda ya karantar da 'yan ɗariƙar Faransis a Oxford kafin ya zama bishop na Lincoln a 1235, mutum mai ganin cewa haske shi ne mabuɗin fahimtar halitta, kuma ba a fahimtar haske sai da ilmin handasa. Bacon, wanda bakinsa bai cika yabon kowa ba, bai gushe yana ambaton Grosseteste da Adam Marsh da alheri ba har ƙarshen rubutunsa.

Ɗariƙar da ya shiga wajen 1257 tana da asali daga Faransis na garin Assisi a Italiya, wanda ya rasu a 1226, kuma mabiyansa sun iso Ingila a 1224. Sun bambanta da tsofaffin ruhubanawa masu kulle kansu a gidajen ibada masu gonaki da haraji, domin su sun yi alwashin ba za su mallaki kome ba, suna yawo cikin birane da riga mai kaushi da igiya a ƙugu, suna wa'azi, suna ci daga sadaka. Ga mutumin da ya saba sayen littafi da kuɗinsa, wannan alwashi ƙunci ne babba, sai kuma aka ƙara masa da wani: a 1260, a babban taron ɗariƙar da aka yi a Narbonne ƙarƙashin shugabancin Bonaventure, aka kafa dokar cewa babu ɗan ɗariƙar da zai fitar da rubutu waje sai shugabanni sun duba sun yarda. Ba don Bacon aka yi dokar ba, domin musabbabinta wani ɗan ɗariƙar ne, Gerard na Borgo San Donnino, wanda a 1254 ya fitar da littafi mai da'awar cewa zamanin cocin da aka sani ya kusa ƙarewa, abin ya jawo wa ɗariƙar fitina. Amma dokar ta faɗa a kan Bacon kamar yadda ta faɗa a kan kowa, ya shafe shekaru a gidan ɗariƙar na Paris yana kukan an raba shi da karantarwa.

Mafita ta zo masa ta hanyar wani kadinal Bafaranshe, Guy de Foulques, wanda ya ji labarinsa ta bakin wani ma'aikacinsa, Raymond na Laon, kuma aka zaɓe shi Paparoma a 1265 da laƙabin Clement na Huɗu. Ranar 22 ga Yuni, 1266, Paparoma ya rubuto masa wasiƙa yana umartarsa da ya aiko da rubutunsa cikin gaggawa kuma a asirce, ba tare da la'akari da dokar ɗariƙarsa ba. Paparoma ya zaci littafin yana nan a rubuce, alhali Bacon shawara ce kawai ya bayar ta a rubuta shi; ga shi ba a aiko da kuɗin takarda da ladan masu kwafi ba, ga umarnin sirri ya hana shi bayyana wa shugabanninsa dalilin aikin, ga kuma gidansu ya talauce a yaƙin basasar da aka yi tsakanin Sarki Henry na Uku da manyan hakimansa, domin danginsa sun goyi bayan sarki. Da rance daga abokai ya yi aikin, kuma cikin abin da bai kai shekara biyu ba ya gama Opus Majus, wato Babban Aiki, ya bi shi da Opus Minus da Opus Tertium, Ƙaramin Aiki da Aiki na Uku, waɗanda taƙaitawa ne da ƙarin bayani saboda tsoron kada na farkon ya ɓace a hanya ko ya yi wa mai karatu tsawo. Ya aika da saƙon ta hannun wani saurayi almajirinsa mai suna John, ɗan talakawa wanda ya karantar da kansa, domin yaron ya zama hujja mai rai a kan ingancin hanyar karantarwarsa. Clement ya rasu a Nuwamban 1268, kuma da rasuwarsa begen Bacon na samun majiɓinci ya yanke.

Babban Aiki kashi bakwai ne, kuma ya buɗe shi da sabuban kuskure guda huɗu: miƙa wuya ga maganar wanda bai cancanci a bi shi ba, da daɗewar al'ada, da ra'ayin taron jahilai, da ɓoye jahilcin kai ta hanyar nuna ilmin da babu shi, na huɗun nan ne ya ce shi ne uwar sauran. Duk wanda ya karanci bahasin taƙlidi da ijtihadi a littattafan usulu ba zai ji wannan magana baƙuwa ba. Daga nan ya shiga alaƙar falsafa da ilmin addini, inda ya tabbatar da cewa dukkan hikima daga Allah take, an saukar da ita ga annabawa, falsafa kuma baiwa ce mai yi wa Littafi hidima. Wannan kashi kaɗai ya isa ya rushe da'awar masu cewa shi ɗan tawaye ne ga addininsa.

Kashi na uku, na harsuna, ya cancanci a ɗan dakata a kansa. Hujjarsa ita ce, tun da littattafan addininsu da Ibrananci da Yunananci aka rubuta su, littattafan falsafa kuma da Yunananci da Larabci, to mai Latin kaɗai yana sha ne daga ragowar abin da masu tarjama suka zubo masa, kuma mai tarjama ba ya isa sai ya san harshen da yake ɗaukowa, da harshen da yake zubawa, da kuma fannin da littafin yake magana a kai. Da wannan ma'auni ya auna mashahuran masu tarjama, irin su Gerard na Cremona da Michael Scot da Hermann Bajamushe da William na Moerbeke, ya ce duk sun gaza, har ya yi fatan da a ƙone tarjamomin Arisɗo saboda yawan kuskurensu. Hukuncin ya yi tsanani fiye da kima, musamman a kan William, wanda masana na yau suke yaba amanarsa. Shi kansa Bacon ya rubuta nahawun Yunananci, an kuma sami guntun nahawun Ibrananci da ake jingina masa. Amma Larabcin da ya yi ta kira a koya, bai mallake shi ba, kuma duk abin da ya ɗauka daga Ibn Sina da al-Kindi da al-Farabi da Abu Ma'ashar, daga hannun masu tarjama irin waɗanda yake zagi ya karɓe shi.

Inda bashin ya fi bayyana shi ne kashi na biyar, na ilmin gani. Ginshiƙinsa shi ne Kitab al-Manazir na al-Hasan ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, aka kuma juya littafinsa zuwa Latin wajen shekarar 1200. Magabata sun yi saɓani a kan yadda gani yake aukuwa: Iƙlidis da Baɗlamusa da al-Kindi suna ganin wani haske ne yake fita daga ido ya taɓa abin da ake kallo, mabiyan Arisɗo kuma suna cewa surar abin ce take shigowa. Ibn al-Haisam ya warware mas'alar da cewa kowane ɗigo na jikin abin da ake kallo yana watsa haske ta kowace fuska, amma daga cikin wannan haske mai yawa, wanda ya faɗo a kan ido a miƙe ba tare da ya karkata ba shi ne yake tsara sura, ta haka kowane ɗigo a waje yake da ɗigo ɗaya da ya dace da shi a cikin ido. Bacon ya karɓi wannan bayani dungurungum, da siffar sassan ido, da bahasin madubai, da karyewar haske idan ya ratsa ruwa ko gilashi, kuma bai ɓoye inda ya samo ba, yana ambaton sunan malamin a kai a kai. Abin da ya ƙara nasa shi ne ƙoƙarin sulhu: saboda ba ya son ya ƙaryata Iƙlidis da Baɗlamusa da Augustine, sai ya ce ido ma yana fitar da wani tasiri wanda yake shirya iska ta karɓi surar da ke tafe. Wannan koma-baya ne daga matsayin Ibn al-Haisam, kuma abin lura ne cewa mutumin da ya buɗe littafinsa da sukar taƙlidi, girmama magabata ne ya sa shi tsayawa rabin hanya. Duk da haka, ta hannunsa da na John Pecham, ɗan ɗariƙarsu wanda ya zama babban bishop na Canterbury a 1279, da na Witelo mutumin Poland, ilmin Ibn al-Haisam ya zauna a jami'o'in Turai, har isnadin ya kai ga Kepler, wanda a 1604 ya nuna cewa a bangon bayan ido sura take sauka. Bacon ya kuma ambata cewa gutsuren gilashi mai doro yana ƙara girman baƙaƙe ga tsofaffi masu raunin gani, ko da yake tabarau kansa a Italiya aka fara yin sa wajen 1286, ba da hannunsa ba.

Kashi na shida, na ilmin tajriba, shi ne ya jawo masa sunan da ya yi a ƙarnonin baya. Ya ce hujjar hankali tana kai mutum ga natija, amma ba ta kawar da shakka daga zuciya sai an jarraba. Ya buga misali da wanda bai taɓa ganin wuta ba, wanda ko an kafa masa burhani cewa tana ƙuna, ba zai guje ta ba sai ya sa hannu. Ya kawo maganar da ta shahara a littattafan magabata cewa dutsen daiman ba ya fashewa sai da jinin bunsuru, ya ce ya gani da idonsa ana fasa shi ba tare da jini ba, kuma masu sassaƙa duwatsu masu daraja da gutsattsarinsa suke aiki. Ya yi dogon bahasi a kan bakan gizo, ya faɗi cewa iyakar tsayinsa daga sararin ƙasa daraja 42 ce idan an auna da asɗurlabi, ya kuma umarci mai nema ya duba launukan nan a feshin ruwan da ke zuba daga injin niƙa da a raɓar safiya a kan ciyawa. Sai dai tajriba a wurinsa iri biyu ce, ta gaɓoɓin ji da ta hasken da Allah yake jefawa a zuciya, kuma ta biyun ce ya fifita. Haka nan mutumin da ya ƙaryata jinin bunsuru ya gaskata cewa alkimiya za ta iya tsawaita rai zuwa ɗaruruwan shekaru, ya kuma ɗauki Kitab Sirr al-Asrar, littafin nasiha ga sarakuna da aka jingina wa Arisɗo a ƙarya, a matsayin sahihin talifinsa, har ya yi masa hashiya. Gwaje-gwajen da ya yi da hannunsa kaɗan ne idan aka gwada da waɗanda ya ba da shawarar a yi, kuma shi kansa ya sallama cewa gwanin tajriba na zamaninsa wani ne, Peter na Maricourt, mai risala a kan maganaɗisu ta 1269.

Me ya sa yake son duk wannan ilmi? Amsar tana warwatse cikin littafin, ba a ɓoye ba. Yana ganin Kiristanci yana cikin haɗari daga Musulmi, da Mangolawa, da Dujal wanda ya yi imani zuwansa ya kusa. Ya soki yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya da cewa takobi yana kashe mutane ne ya bar 'ya'yansu da ƙiyayya, ya kafa hujja da abin da ya sami Sarki Louis na Tara na Faransa, wanda aka kama a Masar a 1250, ya ce wa'azi da harshen mutane da hujjar falsafa sun fi amfani. Amma a wuri guda ya ba Paparoma shawarar a ƙera manyan madubai masu tara zafin rana domin ƙona rundunar waɗanda suka ƙi. Ya kuma ɗauko lissafin nujumu da aka jingina wa Abu Ma'ashar al-Balkhi cewa shari'ar Musulunci ba za ta wuce shekara 693 ba, ya lura cewa a lokacin da yake rubutu ana shekara ta 665 ta Hijira, ya haɗa da faɗuwar Bagadaza a hannun Mangolawa a 1258, ya yi wa Paparoma bushara cewa ƙarshen ya kusa. Ga mu yau cikin ƙarni na 15 na Hijira. Saboda haka marubutanmu da suke kiransa almajirin Musulunci a Turai su yi hattara da lafazin: almajirin littattafan Musulmi ne ba shakka, kuma mai faɗin gaskiya game da inda ya ɗauko, amma niyyarsa ta ɗan hamayya ce.

Sauran abubuwan da ake jingina masa ba sa buƙatar dogon bayani. Ya nuna cewa kalandar Yuliyas tana zarce shekarar rana da kimanin yini ɗaya cikin kowace shekara 130, ya roƙi a gyara, ba a gyara ba sai 1582. Ya siffanta albarushi a matsayin abin wasan yara mai ƙara da walƙiya, amma ba shi ya ƙaga shi ba, domin mutanen Sin sun riga shi da ƙarnoni. A bahasin ƙasashe ya amfana da William na Rubruck, ɗan ɗariƙarsu da ya je fadar Mangolawa tsakanin 1253 da 1255. Maganar Bacon kuma cewa tekun da ke tsakanin Andalus da Indiya ba shi da faɗi sosai, Pierre d'Ailly ya kwafe ta cikin littafinsa, Kolumbus ya karanta ta a can.

Bayan rasuwar Clement harshensa ya ƙara kaifi. A wani talifi na wajen 1272 ya caccaki fadar Paparoma, da malaman coci, da lauyoyi, da yaran da suke shiga ɗariƙu su zama malaman tauhidi ba su san hisabi ko harshe ba. A wani wurin ma ya yi wa babban littafin da ake jingina wa Alexander na Hales, shehin ɗariƙarsu, ba'a da cewa ya fi ƙarfin kayan doki guda. Wani tarihin shugabannin ɗariƙar ya ruwaito cewa Jerome na Ascoli, wanda daga baya ya zama Paparoma Nicholas na Huɗu, ya hukunta koyarwarsa saboda wasu bidi'o'i da ake tuhuma, ya sa aka tsare shi. Amma an rubuta wannan tarihi wajen 1370, kusan shekara ɗari bayan aukuwar abin, kuma Bacon bai ambaci ɗauri ba a littafinsa na ƙarshe, wanda ya rubuta a 1292 a kan karatun tauhidi. Don haka masana da yawa suke ɗaukar ruwayar da rauni, waɗanda suka karɓe ta kuma suna danganta ta ga nujumu ko ga rikicin cikin ɗariƙa, ba ga kimiyya ba. Ya rasu wajen 1292, aka binne shi a Oxford.

Kamar yadda a wurinmu malamin da ya shahara da hisabi ba ya rasa masu cewa yana da rauhanai, haka jama'ar Ingila suka ƙaga cewa Bacon ya ƙera kan tagulla mai magana, har Robert Greene ya yi wasan kwaikwayo a kan haka wajen 1590. Ba a buga Babban Aiki ba sai 1733, a Landan, ta hannun Samuel Jebb, shi ma ba tare da kashi na bakwai na falsafar ɗabi'u ba, wanda shi ne Bacon ya ɗauka ƙololuwar littafin. Wannan gibi ya taimaka wa marubutan ƙarni na 19 wajen siffanta shi da masanin kimiyya tsantsa. Binciken Lynn Thorndike da na David Lindberg a ƙarni na 20 ne ya mayar da shi cikin zamaninsa.

Akwai aiki guda da ya rage, wanda nake ganin manazartanmu sun fi da yawa daga manazartan Turai kayan yin sa. Tarjamar Latin ta Kitab al-Manazir ta rasa babi uku na farkon maƙala ta ɗaya, inda Ibn al-Haisam ya shimfiɗa manhajarsa ta bincike da gwaje-gwajensa a kan tafiyar haske, wato Bacon ya yi kiran tajriba ba tare da ya ga shafukan da malaminsa ya fi bayyana ta ba. Matanin Larabcin maƙaloli uku na farko yana nan a buge, da tahƙiƙin Abdulhamid Sabra, Kuwait, 1983. Ina roƙon sassan Larabci da na tarihi da na kimiyyar lissafi na jami'o'inmu su sa ɗalibi ko biyu su ajiye wannan matani gefe da gefe da kashi na biyar da na shida na Babban Aiki, su fitar mana da abin da Bacon ya ɗauka, da abin da ya sauya, da abin da bai taɓa isa gare shi ba, su kuma rubuta sakamakon da Hausa.